Ranar da Na Ci Tuwo a Gaban Surukina

Duk Bahaushen Sudan hali biyu yake yawo da su, ɗaya na gidan kakanni, ɗaya na titin Omdurman, kuma yawanci kowanne yana zaune a aljihunsa lafiya. Nawa sun yi karo ne wata Juma'a a Umbadda, ranar da na je gaida iyayen yarinyar da nake nema.

A Bahri na tashi. Kakannina sun tsinci auduga a gonakin Jazira, mahaifina ya taho birni ya shiga masana'anta, ni kuma na ƙare a wajen gyaran injinan ban-ruwa, farcena kullum baƙi. Iyayena sun rasu ina saurayi, gwaggona ce ta ƙarasa riƙona. Yarinyar kuwa malamar firamare ce. Gidansu zuriyar mahajjata ne, irin waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa a ƙasa za su Makka, suka tsaya hutawa a bakin Nilu, har yau ba su gama hutawar ba. Irin gidajen nan suna ganin Hausancin gaskiya a hannunsu yake, mu 'yan Jazira kuma ragowarsa muka samu.

Mahaifinta ɗan kasuwa ne, yana sayar da yadi a babbar kasuwar Omdurman, amma ba shi ke da magana a gidan ba. Mai magana ita ce mahaifiyarsa, Hajiya, tsohuwa ƙarama wadda aka shigo da ita ƙasar nan goye a baya. Kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya take ji, amma idonta ko allura ta faɗi a tsakar gida sai ta gan ta. Ba ta tambayar asalin mutum, ba ta tambayar sana'arsa. Zama take yi ta kalle shi. Kafin ni ta sallami manema biyu: ɗaya ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya a gaban ɗanta, ɗayan kuma ya sha ruwa a randar gidan ya bar murfin a ƙasa. Na biyun ma likita ne. Da aka faɗa mata haka, sai ta ce to Allah ya ji ƙan marasa lafiyarsa.

Akwai wani labarin gidan da yarinyar ta ba ni tun muna fara sabawa, tana ba ni tana dariya. Mahaifinta ya tashi cikin 'yan kasuwa, ya kwashi karamcinsu har da ɓangaren da bai kamata ba. A nan ƙasar idan baƙo ya ƙi cin abincinka, akwai masu rantsuwa da aurensu: “Alayyaɗ-ɗalag,” wato saki ya hau kaina idan ba ka ci ba. Malamai ba sa son ta, amma bakin maza ya saba. Baƙo mai hankali da ya ji haka sai ya miƙa hannu, magana ta wuce. To shi mahaifinta sau biyu yana gamuwa da baƙin da ba su miƙa ba. Na farko mai ciwon suga ne, aka rantse masa a kan shayi mai cokali huɗu, ya ce shi ransa ya fi masa auren wani. Na biyu direban babbar mota ne da ake jira, aka rantse ba zai fita ba sai ya ci rago. Ana can ana fiɗa, ya haura katanga ya tafi. Duk sau biyun malamin unguwa ya ce sakin ya auku, aka mayar da aure. Igiya ɗaya ta rage tsakanin uwarta da ubanta. Hajiya ta gaya wa ɗanta a gaban kowa cewa ranar da ya sake furta kalmar nan, za ta tattara ta bar masa gidansa, kuma ba da albarka ba. Shekara goma kenan yana riƙe da bakinsa. Idan baƙo ya fara ƙin abinci, sai ka ga ya cusa bakin rawaninsa a baki ya cije.

Na yi dariya sosai da na ji labarin. Ban san ajiye mini shi ake yi ba.

Gwaggona ta ɗauki mako guda tana koya mini zama mutum. In cire takalmi tun daga ƙofar gida. In durƙusa, ba irin sunkuyon nan na 'yan Bahri ba, durƙuso har ƙasa. Kada in kalli idon kowa. Kada in saka Larabci a gaisuwa. Babban abu kuma shi ne abinci.

“Za a kawo maka abinci,” in ji ta. “Ba naka ba ne, na abokinka ne. Shi zai ci. Kai ko ƙamshinsa kada ka nuna ka ji. Ɗa mai kunya ba ya tauna a gidan surukai. Ka ji ni?”

“Na ji, Gwaggo.”

“Ba ka ji ba. Na san cikinka.”

Saboda ta san cikina, ranar Juma'ar ta zaunar da ni bayan an sauko daga masallaci, ta ajiye mini kwano biyu na ful, dafaffen waken nan da muke karyawa da shi, ta malale shi da man riɗi, ga burodi huɗu. Ta tsaya a kaina har na gama. Ta ce wanda ya ƙoshi shaiɗan ba ya samun hanyarsa. Na tashi da ƙyar, na zura jallabiyata fara.

Abokin da zai raka ni, wanda aikinsa kawai ya ci abinci, shi ne bai zo ba. Na jira shi a tashar mota har rana ta fara karkata, sai ya bugo waya wai matarsa ta fara naƙuda. Ban taɓa jin haushin jaririn da ba a haifa ba sai ranar. Na hau hafila, ƙaramar bas ɗin haya, ni kaɗai, muka haye gada zuwa Omdurman, na sake hawa wata zuwa Umbadda, waken nan yana juyi a cikina duk inda muka faɗa rami.

Farkon abin ya tafi daidai. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaida Hajiya da ƙarfi yadda za ta ji, ban saka Larabci ko kalma ɗaya ba. Tana zaune kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, carbi a hannu ɗaya, mafici a ɗaya. Ta dube ni tun daga hula har yatsun ƙafa, ta ce, “Madalla.” Aka shigar da ni ɗakin baƙi. Sai da na zauna na lura ƙofar ɗakin a buɗe take, kuma an saita gadon tsohuwar daidai inda za ta ga tabarmata gaba ɗaya.

Mahaifin yarinyar mutum ne mai jiki da fara'a, irin wanda yake rungumarka kafin ya san sunanka. Muka gaisa, ya tambayi abokina, na faɗa masa. Ba a jima ba aka shigo da tire. Tuwon dawa ne cikin babban kwano, malmala ta mutum biyu majiya ƙarfi, miyar busasshiyar kuɓewa ta lulluɓe shi, ga tattabaru huɗu a kwance a sama. Na kafa idona a kan wani zare da ya fita daga tabarma.

“Bismillah, ɗana.”

“Alhamdu lillahi, Baba, na ƙoshi.”

Wannan ita ce gaskiya mafi tsabta da na taɓa faɗa a rayuwata, kuma ba wanda zai yarda da ita.

“Tafaddal, ya waladi. Ci mana, ɗana, gidanku ne.”

“Na gode, Baba.”

Ya fita, don a ba ni wuri. Ya dawo ya tarar da tuwon yadda ya bar shi. Da abokina yana nan, da yanzu an ci rabi, ran kowa ya kwanta. Amma ga kwano cike a gaban baƙo, a gidan mutumin da bai taɓa yarda baƙo ya fita da bushasshen baki ba. Na ga gumi ya tsatso masa. Ya ce ko loma ɗaya. Ya ce ko ƙafar tattabara. Ya ce tun asuba uwar yarinyar take kan wannan miya. Ni kuwa ina jin idon Hajiya a gefen wuyana, ina ta maimaita godiya. Ya ɗaga hannu zai kamo bakin rawaninsa, sai hannun ya tarar da hula. Zafi ya sa ya cire rawanin bayan masallaci, yana can rataye a ƙusa.

“Alayyaɗ-ɗalag, ba ka tashi daga nan sai ka cinye kwanon nan!”

Kalmar tana fita ya dafe bakinsa da hannu biyu.

A daidai lokacin uwar yarinyar ta iso bakin ƙofa da buta da kwanon wanke hannu. Ban taɓa ganin fuskarta ba sai ranar, don ba a so in kalla, amma na kalla. Mace ce siririya, ta fara furfura. Ko salati ba ta yi ba. Ta tsaya kawai da butar a hannu, ruwa yana ɗiga daga bakinta a kan ƙafarta, ba ta ma sani ba. Shekara talatin da wani abu a gidan nan, 'ya'ya shida, ga shi duk an ɗora su a kan tuwon da ta tuƙa da hannunta.

Na leƙa tsakar gida. Hajiya tana jan carbinta, ba ta ji komai ba. Gani kawai take yi.

Lissafin bai da wuya, kuma duk inda na juya shi ni ne a ƙasa. In na ƙi ci, na fita da sunan ɗa mai kunya, na bar gidan a rushe. In na ci, tsohuwar za ta ga wani ƙato daga Bahri ya zo gaisuwar farko ya share kwanon mutum biyu a gaban surukinsa. Ba zan ce na yi wani dogon tunani na mutanen kirki ba. Ƙafar matar nan da ruwa ke zuba a kai na sake kallo, sai na ji hannuna ya miƙa wajen butar.

Mahaifin ya matso kusa da ni. “Ɗana, duka na ce?”

“Ka cinye ka ce, Baba.”

“Innalillahi.” Ya saci kallon rumfa. “Don Allah, don Annabi, kada Hajiya ta ji.”

Na ci. Allah ya sani na ci. Loma goman farko sun sami ɗan wuri a gefen wake. Daga nan kuma sai da roƙo. Na kwance maɓallin wuya. Gumi ya jiƙa jallabiyar har ta manne mini a baya. Surukina ba shi da ikon taimaka mini da ko loma ɗaya, don da bakinsa ya ce ni zan cinye, sai ya ɗauki murfin kwano yana yi mini fifita, yana raɗa mini, “Saura kaɗan, ya batal, saura kaɗan,” wai jarumi. Tattabara ta uku na ci ta ina hawaye. Ta huɗu ban san yadda aka yi ta shiga ba. Da na ga gindin kwano sai na tuna malamin unguwarsu mai tsanani ne, na sa yatsa na suɗe miyar tas, kada a bar abin da za a kai masa.

Da na ɗago, matar ta bar bakin ƙofa. Hajiya kuwa ta daina jan carbi. Ta ajiye shi a cinya tana kallona, baki a ɗan buɗe.

Wajen sallama na yi ƙoƙarin durƙusawa, cikina ya ƙi. Na tsaya a rabi kamar mai neman abin da ya faɗi. Ta ce, “A gaida mutanen Bahri. Allah ya kawo musu damina mai albarka.”

Kwana biyu ban je aiki ba. Labari kuma ya riga ni isa wajen gwaggona, don Hajiya ta aiko a faɗa mata cewa maganar aure a dakata. Gwaggo ta shigo ɗakina ina kwance.

“Kwano biyu na ba ka! Da burodi huɗu! Me ya kai ka?”

“Yunwa, Gwaggo.”

“Yunwa?”

“Hanya ce da nisa.”

Ta zauna a bakin gado ta yi kuka, ta ce ta yi renon jaki shekara goma sha biyar ba ta sani ba. Yarinyar ma ta turo saƙo a waya, layi ɗaya: ashe haka kake? Uwarta ba ta gaya mata komai ba. Sau uku ina rubuta mata gaskiyar abin da ya faru, sau uku ina gogewa. Ina son ta ƙwarai, kuma tsoron rasa ta ya hana ni barci. Amma na san in ta ji, cikin kwana ɗaya Hajiya za ta ji, tsohuwa ta ɗaure kayanta ta fita da fushi, kuma ni ne na kunna wutar. Na rubuta mata cewa ta yi haƙuri, miyar ce ta yi daɗi.

Shi kuwa surukin nawa, jarumin karamci, bai iya tunkarar uwarsa ba. A rana ta huɗu sai ga shi a wajen aikinmu cikin farar jallabiya, yana tsallake baƙin mai, ɗauke da maganin ciki da ƙatuwar kankana. Ya riƙe hannuna da hannu biyu. Daga baya ya ce in ba shi lokaci, yana neman ranar da ran Hajiya yake fari. Na tambaye shi ko irin ranar tana zuwa. Ya ce ya taɓa ganin ɗaya.

Gwaggona ce ta warware abin ba da saninta ba. Kunya ta hana ta zama, ta yafa mayafi ta tafi Umbadda ba da haƙuri. Ta durƙusa gaban Hajiya tana ɗaga murya, ta ce wallahi ba tarbiyyarta ba ce, ita da hannunta ta ɗura masa wake kwano biyu da burodi huɗu kafin ya fito, ko tashi da ƙyar ya yi, amma ya dawo ya ce mata wai yunwa. Gwaggo ta ce tsohuwar ta sa ta maimaita adadin burodin, sannan ta ce a turo mata ni.

Na same ta a kan gadon nan dai, ƙarƙashin rumfa. Na durƙusa, wannan karon har ƙasa.

“Kai ɗan Bahri. Me ya sa ka ci tuwon nan?”

“Yunwa, Hajiya.”

“Ɗaga murya.”

“Yunwa!”

“Na haifi tara, na yi renon jikoki ban san iyaka ba. Na san yadda mai yunwa yake cin abinci. Mai yunwa ba ya kuka a kan tattabara.” Ta nuna ni da mafici. “Kafin ka sa hannu, ƙofa ka kalla. Sau biyu. Wa ke ƙofar?”

“Ban lura ba, Hajiya.”

“Kuma tunda nake ban taɓa ganin maigida yana yi wa baƙo fifita da murfin kwano ba. Na sake tambayarka. Ka san abin da za ka rasa. Me ya sa ka ci?”

Ina jin motsi a bayan labulen ɗakin mata, na san yarinyar ce tsaye a wurin. Na ce, “Miyar ce ta yi daɗi, Hajiya.”

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗaga murya ta kira ɗanta. Ya fito daga ɗakin baƙi, rawani naɗe a kai, tuni bakin rawanin yana cikin haƙoransa. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta ce ya sunkuyo. Mutum mai jikoki, mai shago biyu a kasuwa, ya sunkuyo, ta sauke masa maficin nan a ka sau uku, har kara ɗaya ya karye.

“Na ce zan bar gidan nan,” in ji ta. “To ba zan bari ba. In na tafi wa zai tsare baiwar Allahn nan daga bakinka?” Ta juyo gare ni. “Kai kuma maƙaryaci ne, kuma ba ka iya ƙaryar ba. Kunya ba ta ishe ka ba, wannan za mu koya maka a hankali. Amma an ba ka asirin gida ka haɗiye shi a kan wake kwano biyu, aka matsa ka ba ka amayar ba. Je ka turo manyanka.”

Har ta rasu ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Mai Yunwa. 'Ya'yana sun girma suna zaton wata sarauta ce. Surukina kuwa daga ranar ko wanka zai shiga sai ya rataye rawanin inda hannunsa zai kai, kuma shi da kansa ya riƙa ba da labarin nan a kowane taro, yana ƙara yawan tattabarun duk shekara. Da ya kai su tara na daina gyara masa.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tayar da maganar ba, ita ce surukata. Irin matan da ne, ba ta zama inda nake, ba ta kiran sunana, gaisuwarmu daga bayan labule ce. Shekara goma sha tara muna haka. Har na ɗauka ta manta, ko kuma abin ya yi mata ciwon da ba ta son tunawa.

Surukina ya rasu tana matarsa, da igiyar nan ɗaya. Ta yi masa takaba a ɗakin da ta shiga tana amarya. Ranar da ta fita takaba muka je gaishe ta, aka zaunar da ni a ɗakin baƙi, a kan tabarma, wuri ɗaya da na zauna a wancan karon. Sai na ji tafiya. Ita ce da kanta, ba aike ba, ɗauke da ɗan ƙaramin kwano: tuwon dawa, miyar busasshiyar kuɓewa, tattabara ɗaya. Ta ajiye a gabana, ta ɗauko buta ta zuba mini ruwa a hannu. Sannan ta dube ni ido da ido, karo na farko tun daga waccan Juma'ar.

“Ɗana,” ta ce, “wannan ba dole ka cinye ba.”

Na sunkuyar da kai don kada ta ga idona. Na ce bismillah, na cinye shi tas.